Waya Ɗaya, Ɗaki Huɗu

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma fahimci abin da ke damunka. Tun da aka ja wayar talabijin zuwa ɗakuna huɗu a gidanka na Kusada, hoton falo yana fita tangaran, na ɗakin ƙarshe kuwa sai yankewa da daskarewa, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Wani mai shago a Kankiya ya nuna maka 'yar na'ura mai ƙofofi huɗu wadda ake jona wa wuta, wato sifilita mai busta a cikinta, ya ce da zarar ka sa ta magana ta ƙare. Kana neman shawarata ko ka saya.

Na'urar ba ta banza ba ce. Akwai gidan da ita ce maganinsa, mai yiwuwa ma naka yana ciki. Amma akwai gidan da in an sa ta kuɗi ne kawai za su tafi, har hoton ya fi da lalacewa. Abin da nake so shi ne ka gane wane iri ne naka tun kafin ka sa hannu a aljihu. Ka ba ni hankalinka kaɗan.

Mu fara da inda Allah ya ajiye mu. Kankiya tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina, Kano kuwa ta haura kilomita 100 a mota. Kusada tana gabas da Kankiya, ta fi matsawa iyakar Jihar Kano, kuma in ka auna za ka ga kusan tsakiya take: Katsina na arewa maso yamma, Kano na kudu maso gabas, babu wadda za a ce tana bakin ƙofa. Tashoshin da ke watsa shiri ta ƙasa a manyan birane suke kafa hasumiyarsu, siginarsu kuma kusan a miƙe take tafiya, tana raguwa da nisa, tudu da manyan itatuwa da gine-gine suna tare ta. Eriyar da ta fuskanci Katsina ta ba Kano baya. Mu da muka ga shigowar talabijin wannan yanki tun muna ƙarƙashin Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, mun san da dogon gora ko fayif ake ɗaga eriya, yaro yana waje yana juya sanda, na ciki suna yi masa ihu ya tsaya in hoto ya fito. Nisan nan bai ragu ba. Abin da ke isowa rufin kwanonka ta eriya ya riga ya gaji a hanya, sannan kai kuma ka raba shi gida huɗu.

Masu wannan sana'a suna auna ƙarfin sigina da wani ma'auni mai suna desibel. Abu biyu kawai za ka riƙe game da shi: in aka rasa desibel 3, rabin ƙarfi ya tafi, in aka rasa 10, kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Ɗauki sifilita ta gama-gari, wadda ba a jona wa wuta, ka duba jikinta. Mai ƙofa biyu yawanci za ka ga an rubuta 3.5 a bakin kowace ƙofa. Mai huɗu, 7, wato kowane ɗaki kashi ɗaya cikin biyar yake samu na abin da ya shigo. Mai takwas kuwa kusan 11. Rabon nan ba ruwansa da ko an kunna talabijin ɗin ɗaki ko an kashe. Tun da aka buɗe ƙofa, an cire mata nata ke nan. Ita kanta wayar tana cin rabonta. Mai kyau, irin wadda ake kira RG6, tana cinye kimanin desibel 5 a kowace mita 30 a zangon da eriya ke aiki.

Yawancin gidajenmu ba a rana ɗaya aka tsara wayarsu ba. Da falo ake farawa. In aka ƙara ɗaki sai a yanke waya, a sa sifilita mai biyu, a ja zuwa can. In aka sake ƙara wani sai a sake yanka daga wancan. Haka wayar ke bin tarihin ginin gida. To yi lissafin da kanka. Ɗaki na huɗu ya ratsa sifilita uku, desibel 10.5 ke nan, ga doguwar waya ta zagaye tsakar gida ta cinye wasu 5 ko 6. Abin da ke isa can bai fi kashi ɗaya cikin arba'in na abin da ya sauko daga sama ba, alhali falo yana shan kusan rabi. Kafin a yi maganar busta ma, in aka cire waɗannan sifilitoci uku aka sa guda ɗaya mai ƙofa huɗu a tsakiyar gida, kowane ɗaki da wayarsa daga nan, ɗakin ƙarshe ya sami sauƙi babba ba tare da an jona komai a wuta ba.

Aikin sifilita mai busta shi ne ta biya asarar rabo. Tana ɗaga sigina tukuna sannan ta raba, yadda kowace ƙofa za ta fitar da abin da ya kai wanda ya shigo ko ya ɗara shi; mai ƙofa huɗu takan ba kowane ɗaki ƙarin desibel 7 ko 8. Wannan ta iya, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Gyara siginar da ta iso a gurɓace ne ba ta iya ba. Ka san amfilifayar masallacin unguwarku. In makirufo ya lalace yana ƙugi, aka murɗa ƙara, ƙugin ne zai cika unguwa tare da muryar ladan, har ya danne ta. Ita ma busta duk abin da aka ba ta shi take ƙarawa, mai kyau da marar kyau, sannan ta ɗora 'yar hayaniyarta a kai, domin babu na'urar lantarki da ba ta da tata.

Shi ya sa wurin da aka sa ta ya fi lambar da aka rubuta a kwalinta muhimmanci. Wurinta shi ne kusa da tushe, inda sigina take da sauran lafiyarta, kafin doguwar waya da rabo su cinye ta. Na sha ganin wanda ya sayi busta ya maƙala ta a bayan talabijin ɗin ɗakin da ke da matsala, domin a tunaninsa inda ciwo yake nan ake sa magani. A nan kuwa babu abin da ya rage mata ta ɗaga sai hayaniya. Waɗanda suka fara raba talabijin ta waya a duniya da tushe suka fara. A 1948, a garin Astoriya na Jihar Oregon a Amurka, wani mai gidan rediyo ya kafa eriya a saman wani dogon otal domin ya kamo tashar birnin Siyatil mai nisan kusan kilomita 200, da hoto ya samu sannan ya ja waya zuwa gidansa, daga baya zuwa gidajen jama'a. Tsawo da eriya mai kyau suka zo a farko, na'urar ƙara ƙarfi ta biyo baya domin ta riƙe abin da aka riga aka kama.

Ga gwajin da nake so ka yi, ba zai ci maka ko kwabo ba. Cire wayar da ta sauko daga sama daga jikin sifilita ta farko, ka jona ta kai tsaye da dikoda ko talabijin guda ɗaya. Shiga wurin saiti, za ka ga layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinta. Mutane sun fi kallon na ƙarfi domin shi ne ya fi saurin cika, amma na inganci shi ne mai hukunci. Bar shi ya ɗan jima kana kallo, ka duba da rana, ka sake dubawa da dare. In inganci ya hau ya tsaya cak kuma hoto bai yanke ba, tushenka lafiya lau, rabo ne ya kashe ka, kuma busta za ta yi maka aiki. In kuwa a nan ma yana hawa yana sauka, ajiye maganar busta. Kuɗinta ka sa su a sanda mai tsawo, ko eriya mai kyau, ko saitin dish, ko sabuwar waya.

Dalilin da ya sa na nace a kan layin inganci shi ne talabijin ya canza hali. A da, in sigina ta yi rauni, hoto yakan yi yayyafi amma ana kallo a haka, ana gane fuska ana jin magana. Na dijital ba ya yin wannan sassaucin. Ko dai ya fita cikakke, ko ya farfashe ya daskare ya ɗauke, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ƙanƙanuwa ce. Tun a 2006 ƙasashen yankinmu suka yi yarjejeniya a Janiba cewa za a bar tsohon tsari a koma dijital, aka sa wa'adin 17 ga Yuni 2015. Nijeriya ta ƙaddamar da nata sauyin a Jos a 2016, aka zo Kano a 2021. Kafin nan ma StarTimes ta shigo da haɗin gwiwar NTA a 2010, GOtv ta biyo a 2011, dukansu da dikoda mai eriya. Saboda wannan hali na dijital, gidan da hotonsa ke fita garau yau yana iya kasancewa a bakin gaɓa bai sani ba, sifilita guda ɗaya ko ɗan ruwa a mahaɗin waya ya isa ya tura shi.

Sai babbar tambaya, wadda amsarta za ta raba maka gardama: daga ina wayar da ka raba ta taso?

In daga eriya ce, kuma gwajin nan ya nuna tushe lafiya, sayi na'urar. Nemi mai ƙofofi daidai da ɗakunanka, kada ka sayi mai takwas kana da huɗu. In akwai mai ɗan maɓallin rage ƙarfi da ƙarawa, ita ta fi, ka fara daga ƙasa kana ƙarawa har hoto ya tsaya a ɗaki mafi nisa, ka bar ta nan. Kada lambobin kwali su ruɗe ka. Sigina in ta yi yawa tana toshe na'urar da ke karɓar ta, kuma alamar iri ɗaya ce da ta rauni, hoto ya farfashe. Mutum sai ya ga haka ya ƙara wata bustar a kan ta farko, ya ƙara dagula lamari. Akwai kuma hasumiyoyin wayar salula da suka cika garuruwanmu. Wasu layukan 4G suna aiki a zangon megahaz 700 da 800, maƙwabtan zangon talabijin, kuma busta marar matacin da ke tare su takan kwaso su ta ƙara musu ƙarfi. In gidanka yana kusa da irin wannan hasumiya, tambayi mai shago wadda ke da wannan matacin. In kuwa eriyar tana kamawa amma da ƙyar, bustar da ake ɗaurawa a jikin sanda, dab da eriya, ita ce ta fi dacewa da nisa irin namu.

In daga dish wayar ta taso kai tsaye, to a nan ne nake so ka yi taka-tsantsan, domin a nan aka fi asarar kuɗi, kuma dish ne gidaje da yawa a Kankiya da Kusada da Ingawa suka dogara da shi saboda nisan da na faɗa maka. Tauraron ɗan'adam yana can sama kimanin kilomita 36,000. Ɗan kan nan da ke gaban faranti, wanda masu saiti ke kira LNB, shi ke karɓar abin da faranti ya tattaro, ya ƙara masa ƙarfi, ya turo shi cikin waya a zangon megahaz 950 zuwa 2150. Wato ya riga ya yi aikin busta tun daga sama. Sifilita mai busta da aka yi domin eriya kuwa yawanci iyakarta 862 ko 1000, saboda haka mafi yawan abin da dish ke turowa ba zai ratsa ta ba. Bayan wannan, LNB ba shi da wutar kansa, risiba ce, wato dikodar dish, ke ciyar da shi ta cikin wayar nan guda. Takan tura masa bolt 13 in tana son wani rukunin tashoshi, bolt 18 in tana son ɗaya rukunin, da wani ɗan sauti na kilohaz 22 da ke zaɓar zangon sama ko na ƙasa. Na'urar da ba a yi ta domin dish ba tana iya tare wannan wutar, allo ya nuna babu sigina sam.

Ko da an sami sifilitar da ke barin wuta ta wuce, matsalar ba ta ƙare ba. Risiba biyu a waya ɗaya, wannan tana neman 13 waccan tana neman 18, LNB kuwa umarni ɗaya yake iya bi a lokaci ɗaya. Sai a canza tasha a wani ɗaki, hoto ya ɗauke a wani. Babu bustar da za ta sasanta wannan. Maganinsa LNB mai ƙofa biyu ko mai huɗu, kowane ɗaki da wayarsa tun daga faranti, kowa da risibarsa. Waya za ta ci kuɗi, gaskiya ne, amma sau ɗaya za ka yi. In dikodar biya ce irin ta DStv, suna da nasu LNB da nasu tsarin haɗa dikoda fiye da ɗaya a gida guda, wanda suke kira XtraView, sai ka nemi mai saitin da ya san shi.

Ɗaukewar hoto lokacin ruwan sama ma ba aikin busta ba ne. Ruwa mai ƙarfi yana shanye sigina tun a sararin sama, kafin ta taɓa faranti. Abin da ke rage wannan shi ne faranti mai faɗi da saiti na ƙwarai. Ka lura dish ɗin DStv gabas yake kallo, domin tauraronsa yana digiri 36 gabas, na Nilesat kuwa yana digiri 7 yamma, kuma mu a gefen inda siginar Nilesat ke sauka muke, shi ya sa masu kama shi a nan suke sa babban faranti. Dish ɗin da ya goce da ɗan kaɗan zai yi aiki a rani ya ba ka kunya a watan Agusta.

Akwai hali na uku, kuma shi na fi zato a gidanka. Dikoda ɗaya ce a falo, a bayanta akwai ƙofar da ke fitar da hoto ta wayar eriya, aka ja daga nan zuwa sauran ɗakuna, kowane talabijin ya kamo ta kamar tashar gida. In haka ne, sifilita mai busta ta sami gidanta. Siginar da ke fita daga dikoda tsabtatacciya ce, ƙarfinta ne kawai bai kai a raba wa ɗakuna huɗu ba. Sa na'urar kusa da dikoda, ja wa kowane ɗaki wayarsa daga jikinta, za ka ga bambanci a take. Sai dai ka sani hoton da ke bi ta wannan hanya ba zai kai kyan na falo da aka haɗa da HDMI ba, kuma da yawa daga sababbin dikoda ba su da wannan ƙofar, sai an ƙara wata 'yar na'ura mai suna modileta.

A nan zan ɗan bar maganar waya in yi maka maganar gida, domin ita ce ta sa na zauna na rubuta maka da tsawo haka. Ɗakunan nan huɗu ba lambobi ba ne. Akwai falonka, akwai ɗakin Hajiya mahaifiyarka, akwai na uwargida, akwai na amarya. Wadda wayar ta isa ɗakinta a ƙarshe ba ta san desibel ba. Abin da ta sani shi ne ana kallon Daɗin Kowa a Arewa24 lafiya lau a ɗakin abokiyar zamanta, nata kuwa yana tsayawa a tsakiyar magana. Ba lallai ta faɗa maka ba, amma za ta riƙe a zuciya, kuma ƙananan abubuwa irin wannan su ne ke taruwa. Kai ba da gangan ka yi ba, tsarin gini ne ya jawo, amma yanzu da ka san dalili gyaran ya hau kanka. In za a sake jan waya, a sa wurin rabo a tsakiya yadda tsawon wayar matan biyu zai yi kusa da juna, a sayi iri ɗaya, a yi aikin rana ɗaya. Kada a gyara wa ɗaya yau a ce ɗaya sai an sami kuɗi.

Ka kuma tuna dikoda ɗaya tasha ɗaya take nunawa a duk gidan, kuma mai riƙe da rimot shi ke zaɓar wa kowa. Hajiya tana son ta bar tashar Makka a kunne tana ganin ɗawafi tana jin karatu, kai kana son ƙwallo ranar Asabar, yara suna son nasu. In da hali, LNB mai ƙofa huɗu da 'yar risiba a kowane ɗaki ya fi kawo zaman lafiya, ko da an bar dikodar biya a falo kaɗai. Ita Hajiya ka fara da nata. In kuma kowane ɗaki ya sami risibarsa, zauna da mai saiti a goge tashoshin da ba su dace ba, a kulle sauran da lambar sirri. Taurarin nan suna zubo ɗaruruwan tashoshi kyauta, kuma ba kowace ce za ka so ta shiga ɗakin da yaranka ke kwana ba.

Mu koma kan waya, domin a gidaje da yawa ita ce mai laifin da ake ɗora wa wasu. Araha ba ta ado. Ko a Kankiya za ka saya, ko a Babbar Kasuwar Katsina, ko a Sabon Gari a Kano, nemi RG6, ka guji siririyar nan RG59 a doguwar tafiya, musamman ga dish, inda asarar waya takan kusa ninka ta eriya. Ka sa a feɗe maka ɗan bakinta ka gani. Saƙar da ke zagaye da ita ta zama mai kauri, da takardar alminiyam a ƙarƙashi, domin ita ke hana hayaniyar waje shiga. Tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya kama tsinken tsakiya, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan tana ɗaukar sigina, amma ba ta kai zallan jan ƙarfe iya kai wuta ga LNB a nesa ba, kuma ruwa na shiga ta fara tsatsa.

Kada ka yarda a haɗa waya biyu ta hanyar murɗe su a naɗe da leda ko salatif. A sa kan ƙarfe mai zare a kowane baki, a ɗaure shi sosai, kuma a tabbata ko silin saƙa ɗaya bai taɓa tsinken tsakiya ba. Duk mahaɗin da ke waje a rufe shi daga ruwa. Inda waya za ta shiga bango, a bar ta ta ɗan sauko ƙasa ta lanƙwaso sama kafin ta shiga, yadda ruwa zai ɗiga a waje maimakon ya bi ta zuwa ɗaki. Ranar bazara a ƙasar Katsina tana fasa rigar waya in an shimfiɗa ta a kan kwano, saboda haka a bi da ita ta inuwa ko cikin fayif, sama da inda awaki za su kai baki. Kada a lanƙwasa ta da ƙarfi a kusurwa, kada a buga mata ƙusa har ta baje. In wata ƙofa ta rage babu waya, akwai ɗan murfi mai om 75 da ake ɗaura mata, kuɗinsa kaɗan ne.

Busta da wuta take aiki. Ba ta ci da yawa, amma in ta rasa ta, yawancinsu toshe hanya suke yi, ka koma baya da inda ka fara. Yanzu da gidaje suka koma sola da inbata, a tabbata an jona ta a layin da talabijin ke kai. In ba haka ba, za a ɗauke wuta talabijin yana kunne a batir, hoto ya ɓace, a yi ta zargin dish. Ka ajiye ta a cikin ɗaki inda iska ke ratsawa, ba cikin silin ƙarƙashin kwano mai zafi ba, ka kuma sa mata abin kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi.

Maganar tsawa ba ta wasa ba ce, ɗana. Sandar ƙarfe da ta fi komai tsawo a gida, da waya daga jikinta zuwa ɗakuna huɗu da mutane ke kwana, dole a yi mata hanya zuwa ƙasa: waya mai kauri ta jan ƙarfe daga sanda zuwa rodi da aka kafa cikin ƙasa sosai. Ka koya wa mutanen gida cewa da hadari ya taso, tun kafin a fara walƙiya, a zare wayar sama daga jikin na'ura a zare filogi. In an riga an fara tsawa, a bar su kada a taɓa. Wurin kafa sanda kuma a auna: in iska ta kayar da ita ta kowace fuska, kada ta iya kaiwa wayar lantarkin titi. Kada ka tura yaro kan kwano ya juya eriya, ko da shi ya nuna yana so.

Maƙwabci zai iya zuwa ya ce tun da ka sa na'ura mai ƙarfi, a ja masa waya ta kan katanga. In eriyar kyauta ce zumunci ne, sai dai ka sani wayar da ta haɗa gida biyu tana iya kai matsalar wutar wannan zuwa wancan. In kuwa dikodar biya ce, yarjejeniyar da ka yi da kamfani ta gidanka ce kaɗai. Ka ba shi haƙuri da kyakkyawar magana, ka gayyace shi kallo a falonka.

Mai saitin da za ka kira, nemi wanda ke zuwa da mitar auna sigina, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, domin wanda aka matse a kuɗin aiki a waya da mahaɗi yake ramawa. Ranar da ya gama, kada ku tsaya a falo. A kunna duka talabijin huɗu lokaci ɗaya, ku shiga ɗaki mafi nisa da sallama, a canza tashoshi a wani ɗakin kuna kallo ko na nan zai motsa. Duk ɗakin da ke da risiba, a duba lambar inganci a rubuta a takarda, a manna ta kusa da na'urar. Aikin nan a yi shi kafin watan Mayu ya ƙare. In iskar farkon damina ta wuce, sake duba lambobin ka kwatanta da na takarda. In duka ɗakuna sun ragu tare, iska ta goce da dish ko eriya, ko ruwa ya shiga mahaɗin sama. In ɗaki ɗaya ne ya ragu, bi wayarsa daga bango zuwa wurin rabo, za ka tarar da inda ta fashe ko inda kai ya kwance.